Ranar Matattu a Meksiko da Tambayar da Ta Tsayar da Mu a Wurno

A wannan mako mun jingine maganar dabarun karatu da muka faro, saboda akwai wani kuskure da muka tafka a hutun da ya wuce, kuma muna ganin gara ku ji shi daga bakinmu.

Kamar yadda wasunku suka sani, idan aka yi dogon hutu mukan haɗu mu 'yan jami'a kaɗan, 'yan asalin Wurno da Rabah da Goronyo, mu riƙa koyar da ƙannenmu na sakandare kyauta. A wannan karon wata makaranta ce a Wurno ta ara mana azuzuwa biyu. Lissafi da Turanci ne suka fi cin lokacinmu, amma mun ware awa ɗaya ranar Laraba don darasin zamantakewa. Da muka iso babin al'adun al'umma sai muka ce bari mu burge yara, mu kawo musu abin da ba su taɓa gani ba. Muka buɗe waya, muka nemo hoton wani biki da ake yi a ƙasar Meksiko, muka miƙa ta aka riƙa zagayawa da ita benci-benci.

A hoton, mutane ne cike da titi, sun shafe fuskokinsu da fenti fari da baƙi har sun koma kamar ƙoƙon kan mamaci, mata sun ɗora furanni a ka, ga makaɗa a gefe. Wayar ba ta kai benci na uku ba aji ya kaure. Wasu dariya, wasu a'uzubillahi, wata yarinya ta ja hijabi ta rufe fuska. Wani yaro daga can baya ya ɗaga murya ya ce, "Malam, waɗanga ai matsafa na!" Kafin mu ce uffan lokaci ya cika, kowa ya tashi da abin da ya gani.

Washegari yara uku ba su zo ba. Mahaifin ɗaya daga cikinsu ne ya zo, wani dattijo manomin albasa, da alama daga fadama ya biyo. Muka russuna muka gaishe shi. Ya ce, "Ɗiyana, lissahi munka ji kuna koya musu, shi ya sa munka bar su suna zuwa. Yanzu kuma an ce kuna gwada musu yadda ake bautar matattu. Wa ya aiko ku?"

Muka ce, "Baba, wallahi ba haka ba ne." Daga nan kuma magana ta maƙale, domin da ya ce to yaya ne, ba mu da amsa. Gaskiyar magana, abin da muka sani game da bikin bai wuce wannan hoto ba, sai wani fim ɗin katun mai suna Coco da muka taɓa kallo a ɗakin kwanan ɗalibai. Mun ɗauko abin da ba mu sani ba mun jefa wa yara, sa'an nan muna mamaki don sun firgita.

Wanda ya fid da mu kunya shi ne wani tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, wanda dama shi ya tsaya mana aka ba mu aron azuzuwan. Ya ba Baba haƙuri, ya roƙe shi ya ba mu mako guda. Da Baba ya tafi sai ya juyo kanmu ya ce, "Ku ma dai! Yaron da bai san abin da ake yi a Hubbaren garinsu ba, shi za ku kai maƙabartar Meksiko? Ku je ku yi karatu tukuna, in kun dawo ku faro daga gida."

Muka je muka yi karatun, ga kuma abin da muka samo.

Meksiko ƙasa ce da ke kudu da Amurka, iyaka ɗaya suke. Ƙidayar 2020 ta nuna tana da mutum miliyan 126, yawancinsu Kiristoci 'yan Katolika, kuma Sifaniyanci suke yi. Kada ku ce ba ruwanku da ita don tana da nisa, domin kullum sai ta shiga tukunyar gidanku. Masarar da muke gasawa da damina a can aka fara nomanta, shekaru dubbai da suka wuce. Haka barkono da tattasai. Kalmar tumatir ma asalinta tomatl ce, daga harshen Nahuwatal na mutanen Aztek, ta yi ta yawo a bakunan wasu al'ummu har ta iso fadamar Goronyo.

Bikin da muka nuna hotonsa sunansa Dia de Muertos, wato Ranar Matattu, ana kuma yin sa ranakun 1 da 2 ga Nuwamba kowace shekara. Ranar farko ta yaran da suka rasu ce, ta biyu ta manya. Tun kafin Turawan Sifen su ci babban birnin Aztek da yaƙi a 1521, mutanen ƙasar suna da bukukuwansu na tunawa da mamata. Turawan suka zo da addinin Katolika, wanda shi ma ya ware waɗannan ranaku biyu don tunawa da waliyyansu da yi wa mamata addu'a. Abubuwan biyu suka cakuɗu. Har yau masana tarihin ƙasar suna jayayya kan wanne ya fi rinjaye, na gargajiya ko na coci.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, ainihin bikin a cikin gida da maƙabarta ake yin sa. Iyali sukan shirya wani teburi mai hawa-hawa da suke kira ofrenda. Su ɗora hoton wanda ya rasu, da kyandir, da ruwa, da gishiri, da turaren wuta, da wani burodi mai zaƙi da ake gasawa don wannan lokaci, da abincin da mamacin ya fi so sa'ad da yake raye. Idan yaro ne a ajiye masa abin wasansa. Sukan zuba wani fure mai ruwan goro tun daga ƙofar gida har zuwa teburin, wai don ran mamacin ya gane hanya. Su tafi maƙabarta su share kabari, su cire ciyawa, su kunna kyandir, a wasu garuruwa kamar Mixquic da tsibirin Janitzio har kwana suke yi a can. Suna zaune suna hira, kaka tana ba jikoki labarin kakansu, yadda yake da faɗa, da yadda ya nemi aurenta. A 2008 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya bikin cikin jerin al'adun da ya kamata duniya ta adana.

To, fentin fuska da ƙwarangwal ɗin fa? Wani mai zane ne, José Guadalupe Posada, wanda ya rasu a 1913, ya zana ƙwarangwal ɗin wata mata sanye da ƙasaitacciyar hular Turawa. Habaici yake yi wa 'yan ƙasarsa masu ƙyamar asalinsu suna kwaikwayon Turai: komai adonki, ga abin da ke ƙarƙashi. Wannan zane ne mutane ke kwaikwaya a fuskokinsu. Duk wanda ya taɓa zama wurin wa'azi ya ji malam yana cewa da mai kuɗi da talaka farin ƙyalle ɗaya za a naɗe su, zai gane inda Posada ya dosa. Shi kuwa babban jerin gwanon da muka nuna wa yara, ashe sabon abu ne. Wani fim ɗin James Bond mai suna Spectre da ya fito a 2015 ne ya ƙirƙiro shi, hukumomin birnin Meksiko suka ga zai jawo masu yawon buɗe ido, suka fara shirya na gaske a 2016. Ke nan mun tsallake abin da ya shekara ɗaruruwa, mun ɗauko wanda fim ya haifa, muka ce wa yara ga al'adar Meksiko.

Nan wajibi ne mu tsaya mu faɗi inda muka raba hanya da su, domin tambayar Baba tana nan. Da yawa daga masu wannan biki sun yi imani cewa rayukan mamata suna dawowa gida a waɗannan darare, suna shaƙar ƙanshin abincin da aka ajiye musu. Mu ba mu yarda da haka ba. A wurinmu wanda ya rasu ya tafi, ba ya dawowa cin abinci, kuma an karantar da mu cewa abin da ke isa gare shi shi ne sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da addu'ar ɗa nagari. Mukan gaggauta binne mamaci, kabarinmu ba ado, sau da yawa ko suna ba a rubutawa, kuma ba a kiɗa a maƙabarta. A Meksiko makarantu har gasar shirya ofrenda suke yi, a Amurka ma malamai da yawa sukan sa yara su haɗa irin wannan teburi a aji don su san al'adar maƙwabtansu. Mu ba za mu yi haka a Wurno ba, kuma ba mu ga buƙatarsa ba. Ana iya sanin abin da mutum yake yi, da dalilin da ya ce ya sa yake yi, ba tare da an taya shi yi ba. Wanda ya karanta yadda ake noman shinkafa a Sin ai bai zama Basine ba.

Amma kalmar "matsafa" da yaron nan ya jefa ita ce ta fi tsaya mana a rai. Ranar Laraba da muka koma aji, sai muka ce su rufe ido su ɗauka wani malami ne a Meksiko ya nuna wa ɗalibansa hoton layinku ranar Babbar Sallah da hantsi. Jini yana gudu a kwata, samari da wuƙaƙe, an jera kawunan raguna ana babbaka, yara suna murna. Bai gaya musu labarin Annabi Ibrahim ba, bai gaya musu ana raba naman ga maƙwabta da mabuƙata ba, lokaci ya cika suka tashi. Me yaran nan za su kira ku? Aji ya yi tsit. Can yaron da ya yi waccan magana ya ce, "Sai su ce mu mugaye na, Malam." Muka ce to abin da muka sa kuka yi wa mutanen Meksiko ke nan makon jiya, laifin kuma namu ne.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce gare ku. Nan da 'yan shekaru wasunku za su je bautar ƙasa a Ogun ko Anambra, ku ga dodannin Egungun na Yarbawa da ake fitowa da su don tunawa da kakanni, ku ga jana'izar da ake ajiye gawa makonni ana shiri. Wasu za su zauna ɗaki ɗaya a jami'a da wanda mahaifinsa ya rasu, ana buga hotonsa a riga. Idan abin da ke bakinku a lokacin shi ne dariya ko a'uzubillahi, kun yi asarar aboki tun ba a je ko'ina ba. Alƙur'ani kansa ya gaya mana an yi mu al'ummu da ƙabilu ne don mu san juna.

Daga nan muka bi shawarar tsohon malaminmu, muka dawo gida. Muka tambaye su, mu fa yaya muke tuna namu?

Kowa ya ce Hubbare. Duk ɗan Wurno ya san inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, ya kuma saba ganin baƙi 'yan ziyara. Amma da muka ce wane ne shi, sai amsa ta yi ƙaranci. Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, ya zama Sarkin Musulmi bayan rasuwar Shehu a 1817. Shi ya mayar da Wurno ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, ya zauna a ciki, a nan ya rasu a 1837 aka binne shi. Malami ne marubuci, littafinsa Infaƙul Maisuri har gobe masana tarihin wannan yanki ba sa rabuwa da shi. Ziyarar kabari kuwa tana da tushe, domin hadisi ya nuna da farko an hana, daga baya aka yi izini saboda tana tunatar da Lahira. Yadda ake yin ta, da abin da ya halatta da wanda bai halatta ba a wurin, malamai sun yi bayani, suna da saɓani a wasu wurare, kamar yadda suke da shi kan sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Wannan fagensu ne, ku tambaye su.

Abin da muka fi daɗewa a kansa shi ne suna, domin a nan ne muka gano muna da tamu hanyar da ba mu lura da ita ba. A ajin akwai Bello har uku, kuma ɗaya a gida Maiwurno ake ce masa. Me ya sa? Saboda mai kabarin nan. Duk Usmanu Shehu ne, duk Asma'u Nana ce. Sunan ya yi tafiya har ƙasar Sudan, inda akwai gari a bakin kogin Nilu mai suna Mai Wurno. Ya samo sunan daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya ci gaba da hijira gabas da jama'arsa bayan Turawa sun kashe mahaifinsa a yaƙin Burmi a 1903. 'Yan Rabah da ke cikinmu kuma ba su bari an wuce su ba. Sardauna, wanda aka haifa a garinsu, aka kuma kashe shi a Kaduna ranar 15 ga Janairun 1966, ɗan Ibrahim ne, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Muhammadu Bello. Tattaɓa-kunnen mai Hubbaren Wurno ke nan, sunansa ne kuma yake ɗauke da shi.

A gidajenmu ma haka abin yake. Idan kaka ya rasu aka haifi namiji sai a mayar da sunan, uwa ta kasa faɗa don kunya, yaro ya tashi Abba ko Baba. Yarinya ta tashi Ummi ko Inna. Mutanen Meksiko suna ɗora hoton kakansu a kan teburi sau ɗaya a shekara, mu namu yana yawo a tsakar gida ana aikensa sayen magi.

Yara suka ji daɗin wannan, har suna tsokanar juna. Sai muka ce kowa ya yago takarda. Ka rubuta sunanka, da na mahaifinka, da na kakanka, da na mahaifin kakanka, ka ci gaba har inda ka tsaya. Sa'an nan ka juya takardar ka yi haka ta wajen mahaifiyarka.

Minti biyar ba a yi ba birai suka tsaya. Yaran da yanzun nan suka haddace Sardauna ɗan Ibrahim ɗan Atiku ɗan Bello ɗan Shehu, yawancinsu a kan kaka suka cije. Waɗanda suka wuce nan ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Bayan takardar kuwa abin ya fi muni. Wata ta rubuta "Inna", wani ya rubuta "Hajiya Babba", da muka ce sunan yanka muke so sai suka yi ta kallon juna. Kunyarmu abu ce mai kyau, amma ga abin da ta haifar: matar da 'ya'yanta ba sa faɗin sunanta, surukai ba sa faɗa, jikoki ba su taɓa ji ba, ranar da tsararrakinta suka ƙare sunan ya bi su. Kada ku ɗauka mun fi su. Mu ma mun gwada a tsakaninmu da dare, mai karatun tarihi a cikinmu, wanda ke iya jero sarakunan Sakkwato ba tuntuɓe, bai san sunan mahaifiyar kakarsa ba.

Ba kuma haka magabata suka bar mana ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kuma yi zama a nan Wurno, ta rubuta waƙoƙin alhini da dama da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta yi wa ɗan'uwanta Bello, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima, ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajis ɗin da ke jagorantar mata 'yan taru zuwa ɗaukar karatu. Ba sarauta gare su ba, ba su ja runduna ba. Kyawun halinsu ta rubuta, ta yi musu addu'a. Yau fiye da shekara 150 ana karanta sunayensu a jami'o'i, don kawai wata ta ga sun isa a rubuta su.

Muna cikin wannan bayani sai yarinyar nan da ta rufe fuska makon jiya ta ɗaga hannu. Ba 'yar Wurno ba ce, iyalinta sun taso ne daga wani ƙauye da 'yan bindiga suka tasa. Ta ce wa abokiyar aikinmu, "Malama, su waɗanga mutane ko ba komai suna zuwa su share kabarin babansu. Mu namu yana can, ba mai iya zuwa."

Ba wanda ya shirya wa wannan magana a cikinmu. Duk mun san abin da yankinmu yake ciki. Mun san harin Tabanni a ƙasar Rabah a watan Yulin 2018, da mutanen da suka kwararo Gandi gudun hijira. Mun san ranar 17 ga Oktoban 2021, da aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta ce mutum 43 aka kashe. Muna sakandare a lokacin, kamar ku. Adadin ya zauna mana a ka, amma a cikinmu ba wanda zai iya kawo sunaye biyar daga ciki, in ba wanda abin ya taɓa gidansu ba. Kowane ɗaya kuwa yana da abin da ya kai shi kasuwa ran nan, yana da wanda ke jiran ya dawo da cefane.

Abin da muka iya gaya mata shi ne, addu'a ba ta buƙatar mota, tana isa daga inda take. Muka kuma gaya wa ajin wani abu da muka ci karo da shi a karatunmu. Ita ma Meksiko tana fama da 'yan bindiga masu fataucin miyagun ƙwayoyi da satar mutane. A 2022 rajistar gwamnatin ƙasar ta mutanen da suka ɓace ta haura 100,000. A watan Satumban 2014 an yi awon gaba da ɗalibai 43 na wata kwalejin horon malamai da ke Ayotzinapa, har yau iyayensu suna neman a gaya musu gaskiyar abin da ya faru. Akwai uwayen da ke bin daji da shebur suna tono, ko za su dace da ƙasusuwan 'ya'yansu. Idan Ranar Matattu ta zo, irin waɗannan iyaye ba su da kabarin da za su share, wasu ma ba sa yarda a ɗora hoton ɗansu cikin na mamata, don ba su fid da rai ba. Yarinyar ta ce, "Ashe su ma." Ba wanda ya yi dariya a wannan karon.

Aikin gida da muka ba su shi ne muke ba ku, duk inda kuke karanta wannan fili. Ku sami littafin rubutu sabo, ko mai shafi 20 ne. Ku je wurin wanda ya fi kowa tsufa a gidanku, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku zauna ƙasa. Kada ku je da tsakar rana yana jin barci, bayan la'asar ko bayan isha'i ya fi. Ku tambayi sunayen waɗanda suka gabata ta wajen uba da ta wajen uwa. Idan tsohuwa ta ƙi faɗin sunan mijinta ko na surukinta kada ku matsa mata, ku tambayi ƙanen kakanku ko wata gwaggo. Kowane suna ku rubuta garin da ya zauna, da sana'arsa, da hali ɗaya da aka san shi da shi, ko da rowa ce ko saurin fushi, domin mutane ne, ba mala'iku ba. Idan a gidanku akwai wanda rashin tsaron nan ya ci, ku rubuta shi da ranar da wurin, in dai manya sun yarda. A ƙarshen kowane shafi ku yi masa addu'a. Ba kyandir, ba fure, ba teburi.

Ranar Laraba ta ƙarshe kafin mu koma makaranta suka kawo littattafansu. Wani ya gano kakan mahaifinsa mai fito ne a gulbin Rima tun ba a yi madatsar ruwan Goronyo ba, wai ba ya karɓar kuɗin almajiri. Wata ta gano kakar mahaifiyarta ungozoma ce, rabin tsofaffin unguwarsu ita ta yanke musu cibi, sunanta ne ma aka mayar mata ba ta sani ba. Wani ya dawo da fushi, don an gaya masa asalinsu Gobirawa ne alhali ya gama yi wa abokinsa Bagobiri tsiya shekara uku. Yarinyar nan ta cika shafi huɗu a kan mahaifinta kaɗai, ba ta yarda an karanta a aji ba, mu ma ba mu nema ba.

Muna shirin tashi sai ga Baba manomin albasa a bakin ƙofa. Gabanmu ya faɗi. Ya ce a ba shi littafin ɗansa. Ya sa aka karanta masa, yana saurare yana gyaɗa kai, har aka zo suna na huɗu. Ya ce, "A'a, nan ya yi kure. Wanga ƙanen kakana na, ba ubanai ba." Ya sa yaron ya goge ya gyara, ya ƙara masa sunaye biyu a sama, na biyun ya ce makiyayi ne da ya zo daga wajen Rabah da shanu bakwai. Sa'an nan ya dube mu ya ce in mun dawo hutu mai zuwa mu ƙara wa yara lokacin lissafi, don har yanzu nasa bai iya raba dogon lissafi ba.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan maganar tsara jadawalin karatu da muka bari. Wanda ya cika littafinsa yana so a buga wani abu daga ciki, ya nemi izinin manyan gidansu tukuna, sa'an nan ya aiko wa wannan fili.